Inda jama'a suka taru daban, inda kuɗi ya taru daban: fashin baƙi kan jadawalin ayyuka da albashi na jihohin Amurka

Kowace jiha cikin jihohi 50 na Amurka tana da wani jadawali da ake fitar mata a kai a kai, mai layuka kamar ashirin. Kowane layi sashe ne na tattalin arziki: gine-gine, masana'antu, kiwon lafiya, kantuna, otal-otal da gidajen abinci, bankuna da inshora, sufuri, da sauransu. A gaban kowane layi akwai adadi biyu. Na farko yawan ayyukan da ke sashen, na biyu matsakaicin abin da ake biya a shekara. Gwamna mai neman tazarce yakan ɗauki adadin da ya yi masa daɗi ya hau mumbari da shi, abokin hamayyarsa ya ɗauki ɗayan. Ɗalibin da ke shawarar abin da zai karanta yakan zura ido kan albashi kaɗai, kamfanin da ke neman inda zai kafa reshe kuma ya duba inda ma'aikata suke da araha. Kusan kowa rabin jadawalin yake karantawa, alhali adadin biyu ba su da ma'ana sai an haɗa su, kuma sai an san yadda aka yi aka samo su.

Tushen alƙaluman shi ne abin da ya kamata a fara sani, don shi ne ke nuna wanda aka ƙirga da wanda aka bari a waje. A 1935 Amurka ta yi dokar da ta kafa inshorar rashin aiki, wato asusun da ake biyan mutum wani abu daga cikinsa na ɗan lokaci idan an sallame shi ba da laifinsa ba. Masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kuɗi a asusun, kuma domin a san abin da ya hau kan kowa, dole kowane kamfani ya miƙa wa jiharsa rahoto duk wata uku. Rahoton ba shi da tsawo. Mutum nawa ke cikin takardar biyan albashinka a zangon biyan da ya haɗa da ranar 12 ga kowane wata, kuma nawa ka biya gaba ɗaya a watannin ukun? Jihohi su tattara su tura wa Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta tarayya, wadda ake kira BLS, hukumar da ta samo asali tun 1884. Abin da ke fitowa daga nan shi ne ƙidayar da ake kira QCEW, kuma tana ɗauke da sama da kashi 95 cikin 100 na ayyukan albashi a ƙasar. Ba hasashe ba ne, ba kuma tambayar wasu tsirarun mutane aka yi ba. Takardar haraji ce, wadda yin ƙarya a cikinta laifi ne.

Amma wanda ba ya cikin inshorar ba ya cikin ƙidayar. Mai sana'ar kansa ba ya ciki. Sojoji ba sa ciki. Yawancin ma'aikatan jirgin ƙasa suna da nasu tsarin daban, don haka an cire su. Haka ma'aikatan ƙananan gonaki da dama, da wasu masu aikin cikin gida. Direban da ke ɗaukar fasinja ta manhajar Uber, muddin doka ta ɗauke shi ɗan kwangila ba ma'aikaci ba, to zai iya kwana yana tuƙi shekara guda ba tare da ya bayyana a layin sufuri ba. Wannan ya sa layin noma a jihar da kowa ya san ta da gonaki yakan fito ƙarami har mutum ya yi mamaki. Manoman suna nan, ba su da takardar albashi ne kawai.

Sai kuma a lura cewa ayyuka ake ƙirgawa, ba mutane ba. Matar da ke aiki a kanti da safe, da yamma kuma ta je gidan abinci, sau biyu za ta fito, a layuka biyu, kowanne da ɗan guntun albashi. Idan rayuwa ta yi tsanani mutane suka shiga haɗa aiki biyu, adadin ayyuka zai iya hawa ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya da ya samu abin yi ba. Kuma inda aikin yake ake rubutawa, ba inda ma'aikacin ke kwana ba. Dubban mutanen da ke tasowa daga New Jersey da Connecticut kowace safiya su shiga birnin Niyok, albashinsu a jadawalin jihar Niyok yake, ko da yake a wata jihar suke biyan hayar gida. Haka abin yake ga ma'aikatan birnin Washinton da ke zaune a Maryland da Virginia.

Yadda ake rarraba layukan shi ma yana da nasa rikicin. Tun 1997 Amurka da Kanada da Meziko suke amfani da tsari guda mai suna NAICS, wanda ya kasa tattalin arziki gida 20, ake kuma sabunta shi duk shekara biyar. Kowane sashe da lambarsa: 23 gine-gine, 31 zuwa 33 masana'antu, 52 harkar kuɗi da inshora, 62 kiwon lafiya da jin ƙai, 72 masauki da abinci. Ƙa'idar ita ce a duba babban abin da wurin aiki yake yi, a zuba duk wanda ke wurin cikin layi ɗaya. Ka ɗauki babban otal mai gidan caca a Las Vegas da ke jihar Nevada. Mai gyaran ɗaki da ke tura keken zannuwa a hawa na ashirin, mai raba kati a teburin caca, mai dafa abinci, akanta, injiniyan da ke kula da na'urorin sanyaya gini, lauyan otal, duk layi na 72 suke. Akantan da ke yin irin wannan aikin a banki kuma yana layi na 52. Saboda haka jadawalin bai gaya maka abin da akanta ke samu ba. Abin da yake gaya maka shi ne irin cakuɗar mutanen da otal ke buƙata da irin wadda banki ke buƙata.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɓatar da mai karatu. Masana'anta za ta iya cika da ma'aikatan da wani kamfanin samar da ma'aikatan wucin gadi ya turo mata. Suna tsaye a gaban inji ɗaya da ma'aikatan dindindin, suna ɗaure kusa iri ɗaya, amma tunda kamfanin da ya turo su ne ke biyansu, a layi na 56 za a sa su, layin hidimomin gudanarwa da tallafi. Idan masana'anta ta sallami masu shara da masu gadinta ta ba wani kamfani kwangilar, sai a ga ayyukan masana'antu sun ragu, matsakaicin albashinsu ya hau, alhali mutanen nan suna share daɓen da suka saba sharewa. Hedikwatar kamfani ita ma, idan tana gini daban, takan tafi layi na 55 da manyan albashinta, ta bar rassan da ƙananan.

To, yanzu ga adadi na biyu, wanda ya fi jan ido. Lissafinsa ba wuya: a tara duk abin da aka biya a sashen cikin shekara, a raba da matsakaicin yawan ayyuka. Cikin abin da aka biya akwai albashi, da kuɗin ƙarin lokaci, da ladan ƙarshen shekara, da tukuicin da kwastoma ya bayar aka kuma bayyana shi, har da ribar hannun jarin da kamfani ya ba ma'aikaci a madadin kuɗi. Abin da ba a duba ko kaɗan shi ne awa nawa mutum ya yi. Ɗalibin da ke aikin awa 12 a mako a gidan abinci aiki ɗaya ne, mai haƙar mai da ke yin awa 60 shi ma aiki ɗaya ne. A faɗin ƙasar, ma'aikacin sashen shaƙatawa da masauki yana yin wajen awa 25 zuwa 26 a mako, na masana'anta wajen 40, na haƙar ma'adinai ya kan haura 44. Wato tun kafin a zo maganar nawa ake biya a awa, tazarar awanni kaɗai ta riga ta buɗe rata mai faɗi tsakanin layukan.

Hukumar tana da wani binciken daban, OEWS, wanda yake bin sana'a maimakon sashe. Ana tambayar wuraren aiki kimanin miliyan 1.1 cikin shekara uku, a fitar da albashin sana'o'i sama da 800, jiha jiha. Shi ya magance matsalar akanta, amma ya kawo tasa. Don ya samu albashin shekara, yakan ɗauki kuɗin awa ya ninka da 2,080, wato awa 40 sau mako 52. Mai aikin kantin da ake biya dala 15 a awa zai fito da dala 31,200 a shekara. Idan awa 25 ake ba shi a mako, abin da ya shiga hannunsa dala 19,500 ne. Ɗaya jadawalin yana ɗaukar guntun albashin mai aikin rabin rana ya zuba shi cikin matsakaici, ɗayan yana ƙara masa awannin da bai taɓa samu ba. Wanda ya ɗauko adadi daga nan ya gwada da adadi daga can, ya haɗa abin da ba ya haɗuwa, kuma ana yin haka a jaridu fiye da yadda ya kamata.

Babbar matsalar matsakaici dai sananniya ce, amma sai an ga girmanta ake yarda. A watan Mayun 2023, matsakaicin albashin shekara na dukkan sana'o'i a Amurka dala 65,470 ne. Amma da za a jera ma'aikatan ƙasar daga mafi ƙarancin albashi zuwa mafi yawa, a je kan mutumin da ke tsakiyar layin cif, dala 48,060 yake samu. Ratar sama da dala 17,000 ce, kuma 'yan tsirarun da ke can sama ne suka ja matsakaicin. Ma'ana, mafi yawan ma'aikata suna ƙasa da abin da ake kira matsakaici. A cikin sashe ɗaya ma haka ne, wani lokacin ya fi muni. Layin kiwon lafiya da jin ƙai shi ne mafi yawan ma'aikata a ƙasar, sama da miliyan 20, kuma a jihohi da yawa shi ne na ɗaya. A ciki akwai likitan tiyata mai ɗaukar dubban ɗaruruwa. Akwai ma'aikaciyar jinya mai rajista, wadda ta tsakiyarsu ke samun dala 86,070 a 2023. Akwai kuma masu zuwa gida su kula da tsofaffi da naƙasassu, su yi musu wanka, su ba su abinci da magani, waɗanda yawansu ya haura miliyan 3.5, na tsakiyarsu kuma dala 33,530 yake samu. Idan aka zuba waɗannan a tukunya ɗaya aka juya, abin da zai fito ba albashin kowa ba ne a cikinsu.

Jihar Niyok ita ce ta fi nuna wannan ƙarara. Ma'aikatan hada-hadar hannun jari a birnin, 'yan Wall Street, matsakaicin abin da suke samu a shekarun baya-bayan nan yana kusa da dala rabin miliyan, kuma kaso mai tsoka na kuɗin ladan ƙarshen shekara ne da ake biya a watannin farko na sabuwar shekara. Su ba su kai kashi ɗaya cikin ashirin na ma'aikatan jihar ba, amma suna ɗaga layi na 52 sama, su ɗaga matsakaicin jihar baki ɗaya. Mai karɓar kuɗi a reshen banki a Buffalo, wani birni a jihar, yana layi ɗaya da su. In an ce masa ga matsakaicin sashensa, dariya kawai zai yi.

Idan mutum ya jera jadawalin jihohi da dama ya duba, zai ga wani fasali yana maimaita kansa. Layukan da suka fi biya, wato wutar lantarki da gas, haƙar mai da ma'adinai, fasahar sadarwa, harkar kuɗi, hedikwatocin kamfanoni, duk matsakaicinsu a ƙasa baki ɗaya ya haura dala 100,000, amma yawancinsu ba su da jama'a. Sashen wuta da ruwa da gas bai kai kashi 1 cikin 100 na ayyukan ƙasar ba. Layukan da suka cika da mutane kuwa, kantuna masu ma'aikata sama da miliyan 15, masauki da abinci masu wajen miliyan 14, su ne a ƙasan jeri, na biyun ma matsakaicinsa bai kai dala 35,000 ba. Ruwa ba ya tsami banza. A matatar mai ko tashar wuta, kowane ma'aikaci yana tsaye ne a kan injinan miliyoyin daloli, abin da yake samarwa a awa ɗaya yana da yawa, albashi kuma ɗan ƙaramin ɓangare ne na kuɗin da kamfanin ke kashewa. Kuskurensa ɗaya zai iya jawo asarar da ta fi albashinsa na shekara goma, don haka gara a biya shi da kyau ya zauna. Kamfanin manhaja ya rubuta abu sau ɗaya ya sayar wa mutum miliyan. Mai aski fa? Kai ɗaya yake askewa a lokaci ɗaya, yau da shekara hamsin da suka wuce. Mai kula da tsoho ba zai iya yi wa mutum goma wanka a tare ba. Masanin tattalin arziki William Baumol ya yi bayanin wannan tun shekarun 1960: akwai ayyukan da inji ba ya hanzarta su, kuma yayin da sauran sassa ke rage hannu suna ƙara samarwa, jama'a sai su riƙa taruwa a waɗannan.

Sai dai ba inji kaɗai ke yanke albashi ba, kuma a nan ne nake ganin masu cewa kasuwa ce ta tsara komai suke yin gaggawa. Sashe ɗaya yakan biya daban a jihohi biyu saboda dalilan da mutane ne suka ƙirƙire su. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun watan Yulin 2009, kuma jihohi kimanin 20 suna nan a kansa. Biyar daga cikinsu, Alabama da Louisiana da Misisipi da Carolina ta Kudu da Tennessee, ba su ma da dokar mafi ƙarancin albashi tasu. Kalifoniya kuwa ta kai dala 16 a 2024, ta kuma sa wa manyan gidajen abincin gaggawa dala 20 daga Afrilun shekarar. Ga mai aikin da ke karɓar tukuici, dokar tarayya ta yarda a biya shi dala 2.13 a awa, adadin da yake nan tun 1991, muddin tukuicin ya cike gibin. Jihohi bakwai, ciki har da Nevada da Kalifoniya da Washinton, sun hana wannan rangwamen. Ƙungiyar ƙwadago ma tana da nata tasirin. A ƙasar baki ɗaya ma'aikaci ɗaya ne cikin goma ke cikin ƙungiya, rabin abin da yake a 1983, amma a Hawayi da Niyok ya haura ɗaya cikin biyar, a Carolina ta Kudu da ta Arewa kuma bai kai kashi 3 cikin 100 ba. A Las Vegas ƙungiyar ma'aikatan otal da abinci mai mambobi wajen 60,000 ta cimma yarjejeniya da manyan otal-otal a 2023 wadda ta ƙara albashi da kashi 32 cikin 100 a tsawon shekara biyar. Gyaran ɗaki aiki ɗaya ne a ko'ina. Abin da ake biya a kansa ya danganta da wanda ya zauna a teburin ciniki.

Daga nan za a gane abin da ya sa matsakaicin albashin jiha guda ba ya nufin abin da ake zato. Cakuɗa ce ta layukan, kowanne da nauyinsa. Kafin annobar korona, kusan aiki ɗaya cikin huɗu a Nevada na shaƙatawa da masauki ne, alhali a ƙasar baki ɗaya wajen ɗaya cikin tara ne. A Indiana wajen aiki ɗaya cikin shida na masana'anta ne, ninki biyu na ƙasa. Masana suna da ma'auni mai sauƙi na wannan: a raba kason sashe a jiha da kasonsa a ƙasa. Idan ya fito 1, jihar kamar kowa take. Idan ya haura 2, to sashen nan shi ne ƙashin bayanta, kuma shi ne inda za ta ji ciwo idan ya faɗi. Jiha za ta iya biyan ma'aikatan otal fiye da maƙwabciyarta, ta biya malamai fiye da ita, amma matsakaicinta ya fito ƙasa, don kawai mutanenta sun fi yawa a layukan ƙasa.

Watan Afrilun 2020 ya koyar da wannan darasi da zafi. Cikin wata guda Amurka ta rasa ayyuka sama da miliyan 20, sama da miliyan 7 daga cikinsu a sashen shaƙatawa da masauki. Rashin aikin yi a Nevada ya kai kusan kashi 30 cikin 100. A wannan watan ne kuma matsakaicin albashin awa a ƙasar ya yi tsallen kusan kashi 8 cikin 100 idan aka gwada da shekarar da ta gabata. Ba ƙarin albashi aka yi wa kowa ba. Masu ƙaramin albashi ne aka kora gida, suka fita daga lissafin, aka bar na sama. Da aka fara mayar da su bakin aiki, sai matsakaicin ya yi kamar ya tsaya ko ya sauka, a daidai lokacin da al'amura ke gyaruwa. Duk wanda ya ga albashin wani layi ya hau, abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne adadin da ke kusa da shi. In ayyuka sun ragu a lokaci guda, akwai yiwuwar ba labari mai daɗi ba ne.

Dakota ta Arewa ta nuna ɗaya fuskar. Daga wajen ganga 100,000 a rana a tsakiyar shekarun 2000, man da jihar ke haƙowa daga yankin Bakken ya haura ganga miliyan ɗaya a 2014. Layin haƙar ma'adinai ya kumbura, ya ja sufuri da gine-gine, har gidajen abinci a garin Williston suka shiga ƙara kuɗi don su samu mai tsayawa a kanta. Rashin aikin yi ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin 100. Daga nan farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ayyukan suka bi shi. Abin lura shi ne adadin marasa aiki a jihar bai tashi sosai ba, domin da yawa daga cikin ma'aikatan baƙi ne, suka tattara kayansu suka koma jihohinsu. Jadawalin ayyuka ya ga faɗuwar, ma'aunin rashin aiki bai gan ta yadda take ba.

Ko an warware duk wannan, tsugune ba ta ƙare ba, don dala ba ta da ƙarfi ɗaya a ko'ina. Hukumar nazarin tattalin arziki ta tarayya, BEA, tana fitar da ma'aunin tsadar rayuwa inda ƙasa baki ɗaya take 100. Kalifoniya tana sama da 110, Misisipi da Arkansas suna ƙasa da 90, kuma kuɗin gida ne ke kawo mafi yawan bambancin. Dala 60,000 a Misisipi ta fi dala 70,000 a Kalifoniya sayen kaya. Jihohi tara, ciki har da Teksas da Florida da Nevada da Washinton, ba sa cire harajin jiha daga albashi, ko da yake sukan fanshe ta harajin gida ko na saye da sayarwa. Sannan jadawalin ba ya ƙirga inshorar lafiya da kuɗin fansho da mai aiki ke biya, waɗanda tare da sauran alawus suke kai wajen kashi 30 cikin 100 na abin da kamfani ke kashewa kan ma'aikaci, a aikin gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ma sun fi haka. A ƙasar da jinya ke iya cinye dukiyar mutum, aikin da ke da inshora da wanda ba shi da ita ba ɗaya ba ne ko da albashinsu ya zo daidai.

Wani abu kuma da ke ba sabon mai karatu mamaki shi ne gurbin da aka bari fayau. Idan kamfani ɗaya ko biyu ne suka mamaye wani sashe a ƙaramar jiha ko gunduma, hukumar takan ɓoye adadin don kada a gano sirrin albashin kamfanin. Sau da yawa layin da ya fi muhimmanci a wurin shi ne wanda ba a nuna ba. Ga kuma jinkiri: cikakkiyar ƙidayar takan fito ne wata biyar zuwa shida bayan ƙarshen zangon. Alƙaluman da ake ji a labarai kowane wata daga wani bincike ne na samfuri, wanda ake gyarawa daga baya da wannan ƙidayar. A Agustan 2024 gyaran farko ya nuna an ƙirga ayyukan ƙasar fiye da yadda suke da 818,000, daga baya aka tsayar da shi a 598,000. A ƙaramar jiha, inda samfurin ya fi ƙanƙanta, gyaran yakan iya juya hawa ya koma sauka.

Inda duk wannan ya fi tsada shi ne lokacin da gwamnati ta ɗauki jadawalin ta yi siyasa da shi. Ayyukan masana'antu a Amurka sun kai ƙololuwa a 1979 da kimanin miliyan 19.5, suka sauka zuwa wajen miliyan 11.5 a 2010, yanzu suna ƙasa da miliyan 13. Har yau babu abin da gwamna ke so kamar a ɗauke shi hoto yana aza harsashin masana'anta. Hujjar da ake kafawa tana da ƙamshin gaskiya. Aikin da ke sayar da kaya a wajen jiha yana shigo da kuɗi, kuɗin kuma ya haifi wasu ayyukan. Enrico Moretti na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ƙiyasta cewa kowane aikin fasahar zamani a birni yana jawo wasu kimanin biyar. Amma su biyar ɗin, da yawansu a layukan ƙasa suke sauka, kuma su ne ke fama da tsadar hayar da na saman suka jawo. Ni a ganina jihar da ke da mutum dubu ɗari a aikin kula da tsofaffi, ƙarin dala ɗaya a awa gare su ya fi taɓa gidaje da yawa fiye da masana'anta guda mai mutum dubu, sai dai shi ba a yanka masa kyalle a gaban 'yan jarida.

Wisconsin ta gwada hanyar masana'antar a 2017. Kamfanin Foxconn na Taiwan ya yi alkawarin zuba dala biliyan 10 da samar da ayyuka 13,000 a Mount Pleasant, jihar kuma ta amince da rangwamen wajen dala biliyan 3. Aka share gonaki, aka tashi gidaje, aka shimfiɗa hanyoyi da bututun ruwa. A 2021 aka sake rubuta yarjejeniyar: ayyuka 1,454, rangwamen da bai wuce dala miliyan 80 ba. Daga baya Microsoft ya sayi wani ɓangare na filin, a 2024 kuma ya sanar da zuba dala biliyan 3.3 don gina cibiyar adana bayanai. Magina za su bayyana a layi na 23 na 'yan shekaru, su ɓace idan gini ya ƙare. Waɗanda za su zauna su kula da na'urorin za su shiga layi na 51, layin fasahar sadarwa, da albashi mai kauri, da adadin da sai an duba da kyau kafin a ga ya motsa a jihar da ke da ayyuka kusan miliyan uku.